Ɗalibin Hausa da Magatakardan Kwamfuta

Mai yiwuwa ne waɗansu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, da zarar sun ga kan wannan maƙala, su ce ta yi ɓatan kai, domin kuwa mujallarmu ta saba da nazarin waƙa da zube da wasan kwaikwayo da al'ada, ba ta saba da zancen na'ura ba. Ina roƙon a yi mini haƙuri a bi ni sannu. Ra'ayin da nake ɗauke da shi shi ne, akwai wani ɗan darasi da ake ba masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, wanda a ganina ya dace da ɗalibin sashen Hausa fiye da ɗalibin kowane sashe, kuma ya kamata sashenmu ya buɗe masa ƙofa ya karɓe shi a matsayin aikin nazarin harshe. Darasin kuwa shi ne a ce wa ɗalibi ya gina da hannunsa ɗan umurnin nan da ke fitar da rubutu a tsare, wanda a harshen kwamfuta mai suna C ake kira printf.

Tun da yake ba kowa ya taɓa cin karo da shi ba, bari in bayyana ko mene ne. Aikinsa ya yi kama da na magatakarda a fada. Ana ba shi zubin jimla wanda aka bar guraba a cikinsa, sa'an nan a miƙa masa abubuwan da zai cike guraban da su, shi kuwa ya fitar da cikakkiyar jimla. Alal misali, in aka ba shi zubin "%s ya biya naira %d", aka kuma miƙa masa sunan Audu da adadin 500, sai ya rubuta "Audu ya biya naira 500". Alamar %s tana nufin a sa kalma a wannan gurbi, %d kuwa a sa adadi. Ana kuma iya gaya masa faɗin filin da kowane abu zai ci, wato a ce suna ya zauna cikin fili mai ɗaukar harafi goma, in bai cika ba a ƙarasa da sarari, don jerin sunaye da na kuɗi su sauko a miƙe kamar an ja su da igiya. Dabarar tsohuwa ce. Harshen Fortran na kamfanin IBM ya zo da irinta a 1957, harshen BCPL na Martin Richards ya sauƙaƙa ta, daga nan Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1972, printf ya zama ɗan gida a cikinsa. A bugu na biyu na littafin da Brian Kernighan da Ritchie suka wallafa a kan harshen, wato na 1988, sun nuna yadda ake gina ɗan ƙaramin printf, suka bar wa mai karatu aikin faɗaɗa shi. Makarantar 42 da aka kafa a Faris a 2013 ta sa gina shi cikin ayyukan farko na ɗalibanta, haka kuma shirin ALX ya ba matasan Afirka da suka bi ta hannunsa wannan aiki, su yi shi bibbiyu, cikinsu har da 'yan Arewa.

Mu mutanen Ƙaura Namoda bai kamata wannan aiki ya zame mana baƙo ba. Tun da layin dogo ya iso garin daga Zariya a 1929, ya kuma tsaya a nan, gyaɗa da audugar ƙasashen Zurmi da Shinkafi da kewaye suka riƙa taruwa a tasha, kuma kowane buhu sai da ya bi ta alƙalamin akawu. Littafin akawu kuwa jajjaye yake da layuka: ga gidan suna, ga na gari, ga na nauyi, ga na fam da sule da kwabo. Akawu ya san suna daga hagu yake farawa, adadi kuwa da dama ake jingina shi don ɗaiɗai su faɗa ƙarƙashin ɗaiɗai, gomomi ƙarƙashin gomomi. Abin da printf ke yi ke nan, ba ƙari ba ragi. Bambancin kawai shi ne akawu ya san Hausa.

Wanda aka ce ya gina nasa printf ba a bar masa kome ba sai hanyar tura harafi ɗaya zuwa fuskar na'ura. Tilas ya bi zubin jimla harafi bayan harafi, in ya ga harafi na yau da kullum ya wuce da shi, in ya ga alamar % ya dakata ya duba abin da ke biye, ya ɗauko abin da aka miƙo, ya mai da shi rubutu. A nan ne mai koyo ke fara gane cewa adadi dabam, rubutun adadi dabam. Ɗauki 1929. Na'ura tana riƙe da shi a matsayin adadi guda, ba ta san yana da lambobi huɗu ba. Sai an raba shi da goma a sami 192 saura 9, a sake rabawa a sami 19 saura 2, a sake a sami 1 saura 9, a ƙarshe saura 1. Lambobin sun fito 9, 2, 9, 1, wato a juye, sai an ajiye su an karanto daga baya. Kowane ɗayansu kuma sai an ƙara masa 48 kafin ya zama harafi, domin a jadawalin da na'ura ke bi sifiri yana zaune a gida na 48. Akwai ma wani tarko da kusan kowane mai koyo ke faɗawa: ma'ajin adadi da aka saba amfani da shi ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, abin da kasafin kuɗin kowace jiha a Nijeriya ya zarce nesa ba kusa ba. Duk wannan ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai koya, kuma da zarar ya ga sunan Zurmi ya fito daidai, ya ga adadi ya fito daidai, malaminsa zai ba shi maki ya wuce gaba. Inda ya tsaya, nan aikinmu ya fara.

Jadawalin da na ambata sunansa ASCII, an fitar da shi a Amurka a 1963, gidaje 128 gare shi, kuma haruffan Turanci kaɗai ya sani. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa. Wannan ba sabon ciwo ba ne ga Hausar boko. A ƙa'idojin rubutun da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, ɗigo ake sa wa ƙarƙashin harafi don a nuna waɗannan sautuka. A cikin shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East ta rungumi haruffa masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta bazu da su ko'ina. Amma keken rubutu bai san da zamansu ba, shi ya sa in mutum ya buɗe tsofaffin kundayen digiri a ɗakin karatu zai tarar an bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya da alƙalami, wani lokaci a sa, wani lokaci a manta. Sai da tsarin Unicode ya zo a 1991 haruffanmu suka sami gidajensu, ƙ tana gida na 409, ɓ na 595, ɗ na 599. To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙaramin ma'ajin na'ura, wanda ake kira bayit, daga 0 zuwa 255 kaɗai yake ɗauka, saboda haka 409 ba ta shiga bayit ɗaya. Ken Thompson da Rob Pike suka fito da dabarar UTF-8 a 1992, wadda ta bar haruffan Turanci a bayit ɗaiɗai, ta raba irin namu gida biyu. Harafin ƙ ya zama 198 da 153 a jere. Alamar naira ma, wato ₦, bayit uku take ci.

Shi kuwa printf na harshen C bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. Mu gwada shi da garuruwanmu uku, mu ba kowanne fili mai faɗin goma. Zurmi harafi biyar, ya ƙara sarari biyar. Shinkafi takwas a wurinsa, ya ƙara biyu, ko da yake mu a aji mun san sh baƙi ɗaya ne. Ƙaura harafi biyar ce kamar Zurmi, amma shi shida ya ƙirga, sai ya ƙara sarari huɗu, adadin da ke gaban Ƙaura ya ja baya da taki ɗaya, jeri ya karkace. Wani zai ce ai wannan kwalliya ce kawai. To, a ce masa ya gajarta kalmar baƙo zuwa uku, zai fitar da b da a da rabin ƙ, rabin harafi kuwa ba harafi ba ne, sai dai a ga alamar tambaya ko wani baƙin tabo. A ce a ciro harafin farko na sunan Ɗanjuma, abin da za a samu 198 ne, kuma da wannan 198 ɗin Ɓ da Ɗ da Ƙ duk suke farawa. A ce a jera sunaye bi da bi, sai Ƙaura ta koma bayan Zurmi, domin 198 ta fi lambar kowane harafin Turanci girma, alhali ɗan firamare ya san ƙ tana bin k ne. A ce a mai da ƙananan baƙaƙe manya, tsohuwar dabara ita ce a ɗebe 32, domin tazarar da ke tsakanin k da K ke nan, amma tsakanin ƙ da Ƙ ɗaya ce tak, tsakanin ɗ da Ɗ 205, tsakanin ɓ da Ɓ 210. Abin da ma'aikaci ke yi in ya gaji da wannan rikici sananne ne: ya yar da ƙugiya ya huta. Daga nan ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, ɗaiɗai ta zama daidai. Sunan mutum ma haka zai bi shi a rasit da takardar sakamako da rajistar asibiti har ya saba, ya ɗauka haka ake rubuta shi.

Abin mamaki, maganin karkacewar jerin nan bai fi layi ɗaya ba. Duk bayit ɗin da ya faɗa tsakanin 128 da 191 wutsiyar harafi ne, ba kansa ba, saboda haka in aka ce kada a ƙirga shi, sai Ƙaura ta dawo biyar. Ba wuyar gyara ta hana a gyara ba. Wanda ke rubuta manhajar bai taɓa gwada ta da kalma mai ƙugiya ba, wanda kuma ƙugiyar ta dama bai taɓa leƙa cikin manhaja ba.

Sai batun 'y. A taron Bamako na 1966 da tarurrukan da suka biyo baya an yi ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, amma har yanzu Nijar tana rubuta ƴ, mu muna rubuta 'y. Ita wannan 'yar alama da ke gaban y kuwa iri uku ce a na'ura, ko da yake ido ba ya rarrabe su sosai: akwai ta gida na 39, da ta gida na 700, da ta gida na 8217. In magatakarda uku suka rubuta kalmar 'ya'ya, kowa da tasa alama, na'ura kalmomi uku dabam-dabam ta gani, mai neman ɗaya ba zai sami sauran biyun ba. Wace ce ta Hausa a cikinsu? Wannan tambaya ce ta ƙa'idojin rubutu, kuma a sashen Hausa ya kamata a amsa ta. Haka nan alamomin karin sauti da tsawon wasali da muke sa wa kalmomi a darasin tsarin sauti. Dogon wasalin a mai karin ƙasa ba shi da gida nasa na kansa, sai an haɗa wasalin da alama, alamar kuwa tana cin bayit biyu amma ba ta cin fili ko kaɗan a takarda. Duk wanda ya taɓa wahalar jera misalai a kundinsa ya ga sun ƙi miƙewa, ga dalili nan.

In an wuce haruffa sai nahawu, kuma a nan ne nake ganin hujjata ta fi ƙarfi. Mu koma ga zubinmu na farko, "%s ya biya naira %d". A miƙa masa sunan Ladi, sai ya rubuta "Ladi ya biya". Baturen da ya ƙago zubin bai gamu da wannan ba, domin aikatau na harshensa bai damu da jinsin mai biya ba. A Hausa zagin aikatau tilas ya bi jinsi da adadin wanda ya yi aikin, ya ko ta ko sun, haka dirka, ne ko ce, haka harafin mallaka, garin Zurmi amma kasuwar Shinkafi. Ɗalibi mai gaggawa zai ce ai da sauƙi, a gaya wa na'ura duk sunan da ya ƙare da a tamata ne. To, ina za a kai Musa da Isa da Garba da Bala da Yahaya? Ina kuma za a kai Asabe da Jummai da Zainabu da Ladi? Ƙa'idar da ke aiki a kan yawancin sunayen abubuwa ta rushe a kan sunayen mutane, saboda haka dole a ƙirƙiro sabon gurbi a cikin zubi, a riƙa miƙa jinsi tare da suna. Mun karanta dokokin nan a littafin nahawun Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976, mun haddace su mun ci jarrabawa, amma mai karanta takardar jarrabawa Bahaushe ne, in ka bar giɓi zai cike maka da saninsa. Na'ura ba ta cike wa kowa giɓi. Abin da ka gaya mata shi za ta fitar, saboda haka dokar da ka zaci ka sani, ranar da ka zo faɗa wa na'ura za ka san iyakar saninka. Ban ga jarrabawar ginin jimla da ta kai wannan tsanani ba.

Masu fassara manhajoji suna fama da wannan kullum. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fito da fuskarsa ta Hausa a 2016, kuma duk mai fassara irin waɗannan saƙonni zubi ake ba shi mai guraba, bai san wa zai karanta ba, namiji ko mace. Sai ya zaɓa tsakanin ka da ki da ku, ko ya gudu zuwa "an biya". Ba laifinsa ba ne, zubin ne aka ɗinka a jikin wani harshe.

Ƙidaya ma tana da nata. A ce ɗalibi ya ƙara wa magatakardansa gurbin da zai rubuta adadi da kalmomi, kamar yadda ake yi a rasit da cak. Zai fara da murna: sha tana aiki daga 11 zuwa 19, daga nan sai da. Zai yanke shawara ko 19 goma sha tara ce ko ashirin ba ɗaya, ko 200 ɗari biyu ce ko metan. Sa'an nan ya iso 105,000 ya rubuta dubu ɗari da biyar, ya iso 100,005 ya sake rubuta dubu ɗari da biyar. A baki ba a cika rikicewa ba, domin mai sayen sa ya san ba a cinikin sa da ragowar naira biyar, in kuma an so a fayyace sai a ce dubu ɗari da dubu biyar, ko dubu ɗari da guda biyar. A takarda kuwa naira 4,995 ce ke tsakani, kuma takarda ita ake kai wa alƙali. A kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, inda fatake daga Nijar suka daɗe suna haɗuwa da namu, akwai ƙarin wani abu. Jaka a bakin ɗan Nijeriya naira 200 ce, gadon fam ɗari na da, jika kuwa a bakin mutumin Maraɗi tana nufin sefa 1,000, dala kuma sefa biyar. Manhajar da za ta rubuta wa waɗannan mutane biyu rasit da Hausa sai ta san da wa take magana. Wa zai gaya mata, in ba wanda ya yi nazarin karin harshe ba?

Da na ambaci karin harshe, akwai wata gardama da na san za ta taso, musamman daga 'yan'uwana Zamfarawa. Mu a gida Shinkahi muke cewa, dirkarmu na da ta ce, mukan ce rigas sarki inda Bakano zai ce rigar sarki. Shin da wace Hausa magatakardan zai yi rubutu? Ra'ayina shi ne ya yi da daidaitacciyar Hausa, domin takarda tana tafiya inda mai ita bai je ba. Amma mai gini na ƙwarai ba zai binne kalmomin a cikin jikin manhaja ba, zai ware su a jadawali dabam, ta yadda wanda ke son Zamfarci zai musanya jadawalin kawai. Wanda ya zauna rubuta wannan jadawali na biyu kuwa zai tarar ya tsara dokar nannagen baƙi a Hausar yamma dalla-dalla, aikin da ya isa babi guda a kundi.

Na san akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Na farko za su ce harsunan kwamfuta na baya-bayan nan sun warware matsalar. Gaskiya ne harshen Python, tun fitowarsa ta uku a 2008, yana ƙirga Ƙaura biyar. Amma bai san Ladi mace ce ba, bai san dubu ɗari da biyar tana da fuska biyu ba, kuma alamar karin sauti har yanzu harafi guda yake ɗaukarta. Bugu da ƙari, wanda ya fara da harshen da ya ɓoye masa bayit ba zai gane abin da ya faru ba ranar da rubutunsa ya fito a dagule daga wata tsohuwar na'ura. Na biyu za su ce manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira suna rubuta printf cikin ƙiftawar ido. Haka ne, kuma littafin lissafi ma yana da amsoshi a bayansa, wannan bai sa an daina ba yara aikin gida ba. Wanda bai taɓa ginawa ba, da me zai auna abin da aka gina masa? Akwai kuma iyakar da ya kamata in faɗa da kaina: ko an gyara ƙirga, in injin buga rasit ba shi da siffar ƙ a cikinsa, ba zai buga ta ba, kuma da yawa daga cikin ƙananan injunan nan haka suke. Wannan darasi ba ya maganin wannan. Abin da yake yi shi ne ya samar da mutumin da zai iya bambance ko laifin na ƙirga ne ko na siffa, ya san abin da zai nema kafin hukuma ta sayi inji.

Suka ta uku ita ta fi nauyi, domin daga malamanmu za ta fito: cewa wannan ba fagenmu ba ne, manhajar karatu ta riga ta cika, kuma ɗalibin da bai gama sanin arulin waƙa ba ina shi ina harshen C. Da ladabi nake cewa, magabatan wannan fage ba su tsaya a bakin ƙofar maɗaba'a suka ce aikin maƙera ne ba. Sun shiga sun ce ga siffar harafin da muke so, aka zuba musu shi da dalma. Sa'ad da aka ga darussan jami'a suna bukatar kalmomi, malamai suka zauna suka ƙirƙiro, har aka sami ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Yau maɗaba'ar ta koma cikin waya. Ƙungiyar Unicode tana da ma'ajiya mai suna CLDR inda ake ajiye yadda kowane harshe ke rubuta ranaku da watanni da kuɗi da jerin haruffa, Hausa tana ciki, da reshen Nijeriya da na Nijar da na Gana, kuma daga can manyan kamfanoni ke ɗiba. A 2020 ma fitowa ta 13 ta Unicode ta ƙara waɗansu haruffan ajami saboda Hausa da Wolof. Ana yanke hukunci a kan harshenmu a waɗannan wurare ko mun halarta ko ba mu halarta ba, kuma ba a sauraron wanda bai san bambancin harafi da bayit ba.

Ba ina cewa a mai da sashenmu sashen kimiyya ba ne. Abin da nake roƙo ƙarami ne. A yarda ɗalibin shekarar ƙarshe da ke da sha'awa ya ɗauki wannan a matsayin aikin kundinsa, a haɗa shi da takwaransa mai karatun kwamfuta, malami ɗaya daga nan ɗaya daga can su duba su. Abokan aikin ba su da nisa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda tun 1983, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013. Kayan aikin kuma ba su da tsada: tsohuwar kwamfutar hannu, da manhajar GCC mai fassara harshen C zuwa na na'ura, wadda kyauta ake ba da ita tun 1987. Intanet ma ba a bukatarsa in an riga an sauke manhajar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da gidansu ke Zurmi ko Shinkafi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, ƙananan hukumomi da dama suka yi fiye da wata biyu ba waya ba intanet. Duk karatun da ya dogara da kallon darasi a intanet ya tsaya cik a lokacin. Mai gina printf kuwa wuta kaɗai yake nema, ko ta hasken rana ce.

Yadda za a auna aikin ma ba shi da wuya, kuma malamin Hausa zai iya yi ba tare da ya karanta layi ɗaya na harshen C ba. A ba magatakardan sunayen garuruwa goma, cikinsu da Ƙaura da Zurmi da Shinkafi da Ɗansadau da 'Yandoto, a ga ko za su jeru bisa ƙa'ida, adadin da ke gabansu ya sauko a miƙe. A ba shi Musa da Asabe, a ga wa ya biya wa ta biya. A ba shi 100,005 da 105,000 ya rubuta su da kalmomi. Wannan na ƙarshe ne ɗalibi ba zai iya yanke wa hukunci shi kaɗai ba, domin abin da ya zaɓa zai iya zama abin da dubban rasit za su ɗauka. Ina roƙon malamanmu na nahawu su sa shi cikin ajandar taron ƙara wa juna sani na sashe a wannan zango, su gaya mana ko guda za a sa wa ƙaramin adadin, ko dubu za a maimaita wa babban, ko kuwa duka biyun.